Yadda Muka Kai Majigi Jajaye

Tun da na dawo, duk wanda ya leƙo shago sai ya ce, "Auwalu, ya ƙauye?" In na ce lafiya lau, sai a ce ai an ga na rame, an ga ina tafiya a karkace. Na ba da labarin nan ya fi sau goma, kuma kullum sai wani ya katse ni a tsakiya yana tambayar ko ina da cajar waya. To ga shi na rubuta. Wanda ya ƙara tambaya sai in miƙa masa ya karanta, ni kuma in huta.

Sana'ata haɗa na'urori ce a ɗakunan taro a cikin Kano: lasifika, majigi, wayoyin intanet. Ba na son tafiya, bayana ma ba ya so. Amma Yaya Rabi ce ta kira, 'yar yayar mahaifiyata, wadda take aikin lafiya a yankin Karaye da Rogo, kuma ita ba a ce mata a'a a danginmu.

Ba ta ko gama gaisuwa ba ta ce, "Auwalu, ka iya majigi babba, irin na ɗakin taro?"

Na ce ai da shi nake cin abinci.

Sai ta yi mini bayani. Wata likita a wani babban asibiti mai nisa ta yarda ta ba da awa guda ranar Alhamis, daga sha ɗaya zuwa sha biyu, ta koya wa ungozomomi ta bidiyo abin da za su yi idan jini ya ƙi tsayawa bayan haihuwa. Sau biyu Yaya tana tara matan nan daga Kurugu da Fulatan da Jajaye. Na farko aka ɗauke wuta. Na biyu sabis ya ƙi, suka wuni suna kallon bango. Ga shi lokacin cirar gyaɗa ne, duk wadda ta zo ta bar aiki a gona.

"Babbarsu, Iya Gambo, ta faɗa mini a gaban kowa cewa in ta uku ta zama haka, kada in ƙara aika musu," in ji Yaya. "Kuma in Iya Gambo ta zauna, duk sun zauna. Auwalu, su ne a wurin lokacin da mace take kan gwiwa. Ni sai abu ya lalace ake kawo mini ita a bayan mota."

Ranar Talata da safe na karɓo majigin daga waɗanda suka ba ta aro. Irin manyan nan ne masu mazaunin wayar intanet a baya, nauyinsa kamar rabin buhun siminti. Na haɗa da kwamfutata, da sitabilaiza mai daidaita wuta, da ƙaramin batirin ajiya, da rawuta, wato akwatin da ake sa wa layin waya ya rarraba intanet, da naɗin waya mai tsawo. Allah ya taimake ni na tuna na ɗauki ƙwan majigi guda na ko-ta-kwana.

A tasha direba ya so ya cusa akwatin a but, ƙarƙashin buhunan taki. Na ce sai dai a cusa ni. Haka na rungume shi a cinya tun daga Kabuga, ƙafafuna suka mutu tun ba mu yi nisa ba. A wani shinge jami'i ya ƙwanƙwasa akwatin ya ce mene ne, na ce majigi, ya ce in buɗe. Ya daɗe yana leƙa idon na'urar kamar zai ga wani a ciki. Wani tsoho da ke kusa da ni ne ya cece ni, ya ce, "Yallaɓai, majigi fa. Wanda ake zuwa da shi a mota muna yara, a nuna mana yadda ake feshin auduga." Daga nan har Karaye tsohon bai yi shiru ba. Ya ba ni labarin kowane majigi da ya taɓa gani a rayuwarsa, ni kuwa ba abin da nake ji sai bayana.

A Karaye aka sauke ni a gidan ƙanin mijin Yaya. Mutanen kirki ne, sai dai ba su san ana ƙoshi ba. Tuwon dawa da miyar kuka da soyayyen kifin dam, ina ajiye hannu aka kawo fura, ina ajiye ludayi aka kawo dafaffiyar gyaɗa sabuwar cira. A Kano in ka ce ka ƙoshi an yarda da kai. A can sai a dube ka a ce ko abincin bai yi maka ba ne.

Da la'asar na ce a gwada kayan kafin mu shiga ƙauye. A nan na haɗu da Malam Iro, mai janaretan da Yaya ta ɗauko. Dattijo ne siriri mai tsabta, shi ke kai wuta wurin walima da wa'azi a yankin. Injin nasa tsoho ne, an ɗaure wani abu da roba, an tokare wani da tsinke, kuma ba ya tashi a hannun kowa sai nasa. Ga ƙara kamar ana niƙa a cikin kunnenka. Amma na auna wutar, na ga tana tsaye daram, na ji girman mutumin ya kama ni.

Muka aro aji guda a wata makaranta. Na jona inji da sitabilaiza, na jona majigi, na sa wayar intanet daga rawuta zuwa bayansa da kuma kwamfuta. Hoto ya fito tas a bango. Yaya ta tafa hannu kamar yarinya. Muna cikin haka sai ga mai unguwar wurin ya shigo harabar, ya ji an ce an kawo majigi. Yana yin sallama, sai na ji ɗif. Inji ya mutu, fankar majigi ta tsaya, sannan wata 'yar ƙara ta fito daga cikinsa, tas, kamar an taka ɓawon gyaɗa.

Wanda bai san majigi ba ba zai gane girman abin da ya faru ba. Ƙwan da ke cikinsa yana ɗaukar zafi mai tsanani. In za ka kashe, sai ka bar fanka ta huce shi tukuna. In ka yanke wuta gaba ɗaya, wani lokaci ka sha, wani lokaci kuma ya fashe. Wannan tsohon ƙwai ne, bai sha ba.

Na fita a fusace na tarar da Malam Iro a durƙushe yana gaida mai unguwa cikin natsuwa. Na jira suka gama, kuma sun daɗe ba su gama ba.

"Malam Iro, mai ne ya ƙare?"

"Mai kuwa, Injiniya? Ai a cike yake. Ni na kashe."

"Don me?"

Ya dube ni da mamaki na gaske. "Babba yana magana, inji ma yana magana? Ka taɓa ganin an yi haka?"

Na taɓa gani mana. A layinmu janareta goma ke kuka a lokaci guda, muna gaida iyayen gidanmu da ihu da ɗaga hannu, kowa ya wuce. Amma a can ba haka ba ne. Duk inda babba ya iso, ana kashe rediyo, mai niƙa ya dakata, mai inji ya kashe injinsa, har sai an gaisa an ji juna. Malam Iro ya shekara ashirin yana haka, ba wanda ya taɓa ce masa ya yi laifi. Na ɗaga masa murya, abin da har yanzu nake jin kunyarsa. Bai rama ba. Ya dai ce, "Allah ya huci zuciyarka," ya shiga goge injinsa da tsumma.

Na sa ƙwan da ya rage. Daga shi babu wani, kuma ko a Kano sai an yi oda ake samun irinsa.

Laraba muka kama hanyar Rogo a bayan a-kori-kura: ni, da Yaya, da Malam Iro, da injinsa da ya lulluɓe da bargo. Iyakar ƙananan hukumomin biyu ba wani abu ba ne, wata 'yar kwalbati ce da igiya da wasu 'yan sintiri a ƙarƙashin bishiya. Suna ganin Malam Iro suka sauke igiyar, har da tambayarsa ya inji. Ni ba wanda ya tambaye ni ya baya. Daga Rogo muka saki kwalta muka shiga hanyar ƙasa da damina ta cinye. Sau biyu muna sauka muna turi. Gefen hanya duk gyaɗa ce a kife tana shan rana, mata da maza a sunkuye, sai a ɗago a yi mana barka da zuwa a koma.

Ƙauyen yana cikin mazaɓar Jajaye. Ɗakin da aka ba mu na taron manoma ne, jar ƙasa da kwano. Na ciro waya na duba, babu sabis ko sanda ɗaya. Na tambaya, sai mutum uku suka nuna mini wuri guda a tare: wani shuri a bayan rumbuna, inda duk mai son kira yake hawa. Na hau, sai ga sanda uku. Suka ce sabis ɗin ma ba na Kano ba ne, daga maƙwabciyar jiha yake tsallakowa. Na ce ko daga ina yake, muna maraba.

Muka sami doguwar gora, na ɗaure rawuta a kanta cikin leda, na kafa a kan shurin, na ja wayar intanet da ta wuta taku sittin zuwa ɗakin. Wayar ta ratsa hanyar amalanken shanu, don haka sai da na haƙa ɗan dogon rami da fartanya na binne ta. A nan bayana ya ƙarasa. Tagogi kuma muka toshe da tabarmi da buhuna don hoto ya fito, ɗakin ya zama kamar tanda.

Bangon ja ne, hoto ba zai fito a kai ba, sai na ce a nemo farin yadi. Aka kawo, na rataya, na ja baya ina yaba aikina. Wata dattijuwa da ta zo share ɗakin ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce, "Ɗan nan, sauke wannan. Mata za su zo jin maganar jini da haihuwa, ka shimfiɗa musu likkafani a gaba?" Na sauke ba musu. Aka samo farar ƙasa, na shafe bangon da tsintsiya har sau uku.

Saura Malam Iro. Na so in kai injin can nesa inda ba zai dami gaisuwar kowa ba, amma wayata mai kauri gajeriya ce, da na ƙara da siririya kuma sai ta fara zafi tana wari. Batirin ajiyata rawuta da kwamfuta kawai yake iya riƙewa, majigin ya fi ƙarfinsa. Dole injin ya zauna a harabar. Na ba Malam Iro haƙuri a kan jiya, na yi masa bayanin ƙwai da fanka dalla-dalla. Ya saurara da kyau.

"Na gane, Injiniya. Kowa ya zo ba zan kashe ba, ko limami ne. Amma in Mai Gari ya sako ƙafa cikin harabar nan, ka yafe ni. A garinsa nake. Ba zan bari a ce Iro ya sa inji ya rufe bakin Mai Gari ba."

Muka je gidan Mai Gari don mu roƙe shi ya jinkirta zuwa sai bayan sha biyu, aka ce ya tafi ta'aziyya Kurugu. Muka bar saƙo. Yadda saƙon ya isa gare shi, Allah kaɗai ya sani.

Alhamis tun ƙarfe tara mata suka fara isowa, wasu a kan babur, wasu a ƙasa, hannuwansu duk ƙasar gona. Sun kai arba'in. Iya Gambo ta zo daga ƙarshe, gajeriyar tsohuwa mai sanda, ta zauna a gaba. Yaya ta durƙusa ta gaishe ta, ta amsa a taƙaice, idonta a kan farin bango.

Sha ɗaya saura kwata Malam Iro ya ja igiya, inji ya ɗauka. Na kunna majigi da bismilla. Sha ɗaya da minti biyar fuskar likita ta cika bango, ta yi sallama da Hausa, ɗaki ya amsa gaba ɗaya. Na ji Yaya ta sauke numfashi a bayana. Likitar ba ta ɓata lokaci ba. Ta ɗauko zani ta nuna yawan jinin da in an gani ba a jira, ta ɗauko 'yar tsana ta roba ta fara nuna inda ake dafawa a mara.

Ina zaune kusa da taga, gumi yana shiga mini ido. Wajen sha ɗaya da rabi na leƙa ta kafar tabarma don in duba gorata, sai na hango farin rawanin Mai Gari da mutum huɗu a baya, suna tahowa ta hanyar rumbuna. Na duba ɗaya gefen. Malam Iro ya riga ya miƙe, ya gyara hula, ya ɗora hannu a kan makunni.

Ba zan iya barin kwamfutar ba, kuma ko na fita ban san abin da zan yi ba. Kokawa zan yi da dattijo? Na taɓa Yaya na nuna mata kafar. Ta leƙa sau ɗaya, ta ja mayafi, ta fice ta bayan mata.

Na ga ta ratsa harabar da sauri, ta wuce injin, ta tari Mai Gari a kan hanya, taku kamar talatin kafin ƙofar shiga. Ta zube a kan gwiwoyinta cikin yashi, rana tsaka. Mai Gari ya tsaya, domin ba a wuce mai gaisuwa. Ba na jin abin da suke cewa saboda ƙarar inji, amma na san tsarin. Ta gaida shi da kwana, da gajiyar tafiya, da haƙurin rashin da aka yi. Ya amsa ya ɗaga ƙafa, sai na ga ta sake sunkuyar da kai ta ɗauko wata. Ya mayar da ƙafar. Malam Iro yana tsaye, hannu a kan makunni, ido a kan ƙofar harabar.

A cikin ɗaki likita tana cewa a murza marar da ƙarfi har sai an ji mahaifa ta yi tauri, a sa jariri a nono, kuma a aika neman mota tun a lokacin, ba sai an ga mace ta fara lumshe ido ba. Ta sa kowace ta dafa marar ta kusa da ita. Aka yi 'yar dariya. Sai Iya Gambo ta ɗaga sandarta.

"Likita, ina da tambaya. Da daminar nan na karɓi wata haihuwa. Jini ya zo. Na ba ta kunu mai zafi, na ɗaure mata ciki, na ce a jira a gani. Da muka nemi mota, ba ta kai asibiti ba. Da na yi wannan da kika nuna, da ta tashi?"

Likitar ta ajiye 'yar tsanar. Sannan ta ce, "Iya, rai na Allah ne. Amma da an murza, an kuma nemi mota da wuri, da ta fi samun dama."

Iya Gambo ta gyaɗa kai. "To sake nuna mini. A hankali."

Na sake leƙawa. Yaya tana nan a durƙushe. Wani daga cikin masu rakiya ya koma inuwar rumbu, amma Mai Gari yana tsaye a rana yana amsawa. Minti ashirin da biyar na ƙirga a agogon kwamfuta. Ban taɓa jin tausayin mutum da girmansa sun haɗu mini a lokaci guda kamar ranar ba.

Sha biyu daidai likita ta yi sallama. Na kashe majigi yadda ya kamata, na saurari fanka har ta yi shiru don kanta, sannan na ɗaga tabarma na yi wa Malam Iro alama. Ya kashe injin, ya share gumi, ya tafi tarar Mai Gari da sauri.

Da na fita gaisuwa, Mai Gari ya riƙe hannuna ya ce, "Kai ne ƙanin malamar asibiti? 'Yar'uwarka akwai ladabi. Sau biyu tana tambayata lafiyar jakina." Ya ɗan yi murmushi. "Ni kuwa rabona da jaki tun ina saurayi."

Yaya ta shigo ɗakin tana ɗingishi, yashi ya manne a zaninta, gwiwoyinta sun ƙi miƙewa. Bangon ya koma fari fat. Wata uku tana neman awar nan, kuma rabinta a waje ta yi shi. Ta dube ni ta ce, "Ya yi?" Kafin in amsa, Iya Gambo ta dogara sanda ta tako har gabanta.

"'Yar nan, ina kika shiga? An yi abin a bayanki."

"Na je gaida Mai Gari ne, Iya."

"To ba ki gani ba. Kawo hannunki."

Ta kama hannun Yaya, wadda ta shekara goma sha biyar tana wannan aiki a asibiti, ta ɗora shi a kan mararta, ta danna. "Nan. Ba sama ba, nan. Ki murza da ƙarfi, kada ki ji tausayi, har sai kin ji ta yi tauri. Kin gane?"

"Na gane, Iya," in ji Yaya.

"In za a sake, ki aiko da wuri. Akwai biyu a Fulatan da suka ƙi zuwa yau. Ni zan taho da su."